Sikila da harafi ɗaya na DNA: laifin taimin ne ko ƙarancin adenin?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibar koyon aikin jinya ce. An koya mana cewa ciwon sikila yana samuwa ne saboda taimin ya maye gurbin adenin a cikin DNA. To shin taimin ɗin ne mai cutarwa, ko adenin ne ya yi wa jikin mai sikila ƙaranci har a iya ba shi ya sha ya samu sauƙi? Kuma ban da sikila, akwai wasu cututtukan jini da suka shafi waɗannan sinadarai?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Mai sikila ba shi da ƙarancin adenin, taimin kuma ba guba ba ne. DNA ɗin mutum yana da haruffa kusan biliyan 3 a kwafi guda, kuma iri huɗu ne kacal ake ta maimaitawa: adenin, taimin, guwanin da saitosin, wato A, T, G da C. Kusan kashi 30 cikin ɗari na wannan rubutu A ne, wani kashi 30 ɗin kuma T, ga mai sikila da marar sikila duka. Abin da ya bambanta su gurbi ɗaya ne tak a kan kuromosom na 11, inda T ta zauna a mazaunin A. Ko mutum ya sha adenin safe da yamma ba zai je ya gyara wannan gurbin ba, domin duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, abin da ta tarar a rubuce shi take kwafa. T ta gani, T za ta sake rubutawa. Adenin mai yawa ma illa yake yi: jiki yana juya shi zuwa wani sinadari da ba ya narkewa, ya daskare a cikin ƙoda. Masu bincike da gangan suke ɗura wa ɓeraye shi idan suna son haifar musu da ciwon ƙoda domin gwaji.

To me ya sa harafi ɗaya cikin biliyan 3 zai yi wannan ɓarna? Sai mun leƙa himoglobin, furotin ɗin da ya cika jar ƙwayar jini, kimanin miliyan 270 a cikin kowace ƙwaya. Sarƙoƙi huɗu ne a haɗe, alfa biyu, beta biyu. Kowace sarƙa tana riƙe da ƙwayar ƙarfe guda wadda oksijin ke kamawa a huhu, ya sauka idan jini ya isa tsoka ko ƙwaƙwalwa. Sarƙar alfa amino asid, wato tubalan ginin furotin, 141 ne a jere, ta beta 146. Jiki kuwa uku-uku yake karanta haruffan DNA, kowane uku suna kiran amino asid ɗaya. A gurbi na shida na sarƙar beta, lafiyayyen rubutu shi ne GAG, wanda ke kiran gulutamik asid.

Ki tsaya a kan waɗannan haruffa uku, a nan amsarki take. Idan G ta ƙarshe ta koma A, an samu GAA, kuma GAA ma gulutamik asid take kira. Babu abin da zai faru, mutum zai rayu ya mutu bai sani ba. Idan A ta tsakiya ta koma T, an samu GTG, amino asid ɗin ya zama balin: himoglobin S ke nan, na sikila. Idan G ta farko ce ta koma A, an samu AAG, wato laisin, shi ne himoglobin C wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana. Ki lura da kyau, a nan adenin ɗin da kike tsammanin shi ne mai kirki shi ne ya yi kutse. Mai CC yakan samu ƙarancin jini mai sauƙi da kumburin saifa, amma idan C ta haɗu da S a mutum ɗaya, ciwon sikila ne sosai, har ma ya fi SS yawan taɓa ido. Idan kuwa A ta tsakiya ta koma C, an samu GCG, wato alanin. Wannan shi ne himoglobin Makassar, mai sunan wani birni a Indonesiya, kuma masu ɗauke da shi lafiyarsu ƙalau. Gurbi ɗaya, canji huɗu, sakamako daga babu komai har zuwa ciwon da ke kwantar da yaro asibiti. Saboda haka tambayar da ta dace a kullum ita ce wane harafi, a wane wuri, ya koma me.

Abin da ɗalibai suka fi kuskurewa shi ne zaton himoglobin S ba ya iya ɗaukar oksijin. Yana ɗauka sarai. Matsalar tana farawa ne bayan ya sauke. Gulutamik asid yana da cajin lantarki, yana jituwa da ruwa, don haka zamansa a bayan furotin ɗin, inda ruwa ke kewaye da shi, daidai ne. Balin kuwa ɗabi'ar mai gare shi, ba ya son ruwa, kullum neman inda zai ɓuya yake yi. Da zarar himoglobin ya saki oksijin sai siffarsa ta ɗan juya, wani ɗan rami ya buɗe a wajen gurbi na 85 da na 88 na sarƙar beta. Balin ɗin wannan himoglobin sai ya shige ramin maƙwabcinsa, na maƙwabcin ya shige na gaba, a haka har su zama doguwar igiya mai tilli 14 a murɗe, mai tauri. Igiyoyin nan su ke tokare ƙwayar daga ciki har ta miƙe ta lanƙwashe kamar lauje. Idan ta koma huhu ta sha oksijin igiyar takan warware, ƙwayar ta dawo daidai. Amma yau lanƙwasa gobe miƙewa, fatarta sai ta lalace, ruwa ya tsiyaye daga cikinta, ta fara manne wa bangon jijiya, daga ƙarshe ta ƙi dawowa.

Akwai wani abu a nan da nake ganin ya kamata duk ma'aikacin jinya ya fahimta, domin shi ke bayyana rabin abin da muke yi a ɗakin marasa lafiya. Igiyar ba ta haɗuwa nan take, akwai ɗan jinkiri. Ƙananan jijiyoyi sun fi jar ƙwayar jini ƙanƙanta, dole sai ta naɗe kanta kafin ta wuce. Idan ta fice kafin igiya ta haɗu, ta tsira a wannan zagayen. Idan igiya ta riga ta, ta maƙale, na bayanta su taru a kanta, naman da ke gaba ya rasa jini, ciwo ya tashi. Tsawon wannan jinkiri kuwa ya dogara ƙwarai da kaurin himoglobin a cikin ƙwayar. Ƙarin kauri kaɗan yana gajarta shi ninki-ba-ninki. Shi ya sa ƙishirwa, zazzaɓi, amai da gudawa, sanyi mai matse jijiyoyi da hawa wuri mai tsayi suke tayar da ciwon, shi ya sa kuma ruwa da ɗumi da magance zazzaɓi da wuri suke da tasiri haka. Mai AS ma da wannan lissafi ya tsira: himoglobin S ɗinsa bai kai rabi ba, yawanci kashi 35 zuwa 40, sauran lafiyayyen himoglobin A ne da ke shiga tsakani ya hana igiya saurin haɗuwa.

Sauran alamomin duk daga nan suka fito. Lafiyayyar ƙwaya tana kwana 120, ta sikila kwana 10 zuwa 20, don haka jini kullum a ƙasa yake, ido ya yi rawaya, duwatsu su taru a matsarmama. Saifa takan mutu tun yaro yana ƙarami saboda yawan toshewa, wanda ke barinsa a buɗe ga wasu ƙwayoyin cuta masu kisa cikin sa'o'i. Ga kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, ga shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon ƙirji.

An daɗe kafin a kai ga harafin. James Herrick ne ya fara wallafa bayanin ƙwayoyin a 1910 a Shikago, daga jinin wani ɗalibin likitancin haƙori ɗan tsibirin Girenada. A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka sa himoglobin a cikin lantarki suka ga na mai sikila ba ya tafiya da saurin na lafiyayye. Dalilin shi ne cajin nan na gulutamik asid da aka rasa, kuma har yau wannan bambancin tafiya ake karantawa a gwajin jinotaif da kika sani. A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano cewa amino asid ɗaya ne rak ya canza. A tsakani, a 1954, Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wanda ya bayyana dalilin da ya sa harafi mai wannan illa ya yaɗu a Afirka da Indiya da Gabas ta Tsakiya maimakon ya ɓace. Yanzu sama da jarirai 300,000 ake haifa da ciwon duk shekara.

Sikila ɗaya ce cikin nau'o'in himoglobin sama da 1,000 da aka sani, yawancinsu canjin harafi ɗaya ne, yawancinsu kuma ba sa cutarwa. A talasimiya, wadda Thomas Cooley ya bayyana a 1925, sarƙar ba gurguwa ba ce, ba a ƙera ta da yawa ne, ko ba a ƙera ta sam. A tsibirin Sardiniya mafi yawan masu ita C ce ta koma T a gurbi na 39 na beta: CAG ta zama TAG, TAG kuma umarnin tsayawa ne, sai aikin ƙira ya katse tun bai kai ko'ina ba. A Saifurus kuwa harafin da ya fi kawo ta ba ya ma cikin ɓangaren da ake fassarawa zuwa amino asid. G ce ta koma A a cikin tsakuren da ake yankewa a zubar, sai yankan ya faɗa inda bai dace ba. Akasin na Sardiniya shi ne himoglobin Constant Spring, mai sunan wata unguwa a Jamaika: umarnin tsayawa na sarƙar alfa, TAA, ya koma CAA, sai ƙira ta zarce da ƙarin amino asid 31, kuma abin da ake samarwa ɗan kaɗan ne. Himoglobin E na kudu maso gabashin Asiya ya haɗa biyun, G zuwa A a gurbi na 26, ya canza amino asid ya kuma rikita yankan.

Waɗanda suka shafi ɗaukar oksijin kai tsaye su ne ba a cika koyarwa ba. A himoglobin M, C takan koma T a wurin da ke kiran histidin, amino asid ɗin da ke tsaron ƙarfe, sai tairosin ya zauna a wurinsa. Ƙarfen ya kafe a yanayin da ba ya kama oksijin. Jinin yakan yi launin ƙasa-ƙasa mai duhu, leɓe da harshe da farce su yi shuɗi tun daga jarinta, alhali mutumin yana harkokinsa. Na'urar da ake maƙala wa yatsa takan ba da adadi marar tabbas, maganin metilin bulu da ake ba wasu masu irin wannan launi kuma ba ya musu aiki. Haɗarinsu na gaske shi ne a ɗauka ciwon zuciya ne a yi ta yi musu bincike mai wahala. Himoglobin Chesapeake kuwa riƙe oksijin yake yi ya ƙi saki, sai ƙoda ta ji kamar iska ta yi ƙaranci ta umarci ɓargo ya ƙara ƙwayoyi, jini ya yi kauri. Himoglobin Kansas saurin saki yake yi, mutum ya yi shuɗi amma namansa na samun abin da yake buƙata.

Yanzu ga inda zatonki na ƙaranci yake da gaskiya, sai dai taimin ne abin ya shafa, kuma ba sikila ba ce. Ɓargo yana ƙera jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace rabuwa kuma sai an kwafi DNA gaba ɗaya. Jiki daga yurasil, wani sinadari mai kama da taimin, yake ƙera taimin, ta hanyar liƙa masa ɗan guntun sinadari mai kabon ɗaya, folik asid ne kuma ke kawo wannan guntun, bitamin B12 yana taya shi komawa siffar da zai yi aiki. Idan ɗayansu ya yi ƙasa sai taimin ya yanke, a riƙa cusa yurasil a mazauninsa. Masu gyaran DNA su cire, a sake cusawa, su sake cirewa, har zaren ya tsintsinke. Ƙwayar tana girma amma ta kasa rabuwa, da yawa su mutu a cikin ɓargo, waɗanda suka fito su fito manya-manya kuma 'yan kaɗan. A takardar gwaji za ki ga MCV, wato ma'aunin girman jar ƙwayar jini, ya haura 100. Magunguna irin su metotirezet da zidobudin, wanda shi kansa kwaikwayon taimidin ne, wato tubalin DNA mai ɗauke da taimin, suna iya kawo irin wannan hoto. Wannan ne ma dalilin ba masu sikila folik asid, tunda ɓargonsu ba ya hutawa. Ba ya hana ƙwaya lanƙwasa, kayan aiki kawai yake ƙara wa ɓargo. Gargaɗi ɗaya: idan B12 ne ya yi ƙaranci aka ba da folik asid shi kaɗai, jini zai gyaru amma jijiyoyin laka su ci gaba da lalacewa a ɓoye. A auna kafin a rubuta.

Adenin ma yana da amfaninsa a wurin da za ki riƙa gani kullum. Ki duba jikin jakar jini, za ki ga an rubuta CPDA-1. A ɗin ƙarshe adenin ne. Ana zuba shi domin ƙwayoyin da ke ajiye su ci gaba da samar da ATP, makamashinsu, kuma da shi ne wa'adin ajiya ya tashi daga kwana 21 zuwa 35.

Saitosin ne ya buɗe ƙofar magani. Jariri a ciki yana amfani da himoglobin F, mai sarƙar gama a madadin beta. Babu gurbin sikila a jikinsa, kuma idan yana cikin ƙwaya yakan hana igiyar S haɗuwa fiye da yadda himoglobin A ke yi. Tun 1948 likitar yara Janet Watson ta lura cewa jariran masu sikila ba sa nuna alama sai bayan watannin farko, lokacin da F ke ja baya. Ɗaya daga cikin hanyoyin da jiki ke rufe ƙwayar gadon gama shi ne liƙa alamar metil a kan saitosin ɗin da ke kusa da ita. A 1982 aka gwada azasaitidin, wani kwaikwayon saitosin da ke hana wannan liƙi, a kan birai sannan a kan mai talasimiya, sai F ya tashi. Tsoron illarsa ya sa aka nemi wani, aka dace da haidiroksiyuriya, wanda ke rage saurin ƙera tubalan DNA, ɓargo ya shiga matsi ya koma fitar da ƙwayoyi masu F. Babban gwajin da aka wallafa a 1995 ya nuna ya rage tashin ciwo da kusan rabi, Amurka ta amince da shi a 1998. Wani gwaji a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna yana aiki lafiya ga yara a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. A ganina har yanzu shi ne maganin da aka fi tauye wa masu sikila ba bisa hujja ba. Idan kina bin mai shan sa, hawan MCV a nan alama ce mai kyau, tana nuna yana sha.

Wannan kuma ya bayyana abin da ke ɗaure wa iyaye kai, a ga yara biyu duk SS, ɗaya kullum a gado ɗaya da wuya ya kwanta. GTG ɗinsu iri ɗaya ce, amma wasu haruffan a wasu wurare sun bambanta. Misali C da ta koma T a gaban ƙwayar gadon gama, wadda ake yawan samu a nau'in sikilar Senegal da na Larabawa da Indiya, tana tafiya da F mai yawa da ciwo mai ɗan sauƙi. Gadon alfa talasimiya tare da sikila ma yana rage kaurin himoglobin a cikin ƙwaya, ya tsawaita jinkirin nan.

Gyaran harafin kansa fa? An fara, amma ta bayan gida. Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka kuma a Disamba, bai taɓa GTG ba. Ana ciro ƙwayoyin asali na ɓargon majiyyaci, a datse wani wuri da ke kunna BCL11A, furotin ɗin da ke kashe F bayan haihuwa, sannan a mayar masa da su. Akwai kuma dabarar canza harafi ɗaya ba tare da datse zaren ba, wadda ɗakin binciken David Liu ya fito da ita a 2016 ga saitosin, 2017 ga adenin. Ba ta iya mayar da T zuwa A, amma tana iya mayar da A zuwa G. Tunda DNA zare biyu ne a haɗe, kowace T kuma tana fuskantar A a ɗaya zaren, idan aka juya waccan A zuwa G sai GTG ta koma GCG, wato himoglobin Makassar da na ambata, marar cutarwa. An nuna hakan a ƙwayoyin majiyyata da ɓeraye a 2021.

Kada dai a yi wa majiyyata alkawarin da ya wuce gaskiya. Kafin a mayar da ƙwayoyin da aka gyara sai an share tsohon ɓargo da busulfan, magani mai ƙarfi da ke iya hana haihuwa, ga makonni a asibiti, ga tsada da ƙarancin cibiyoyin da ke iya yi. Kuma ɓargo kaɗai ake gyarawa. Maniyyi da ƙwan mace suna nan da GTG ɗinsu, don haka wanda aka yi wa wannan aiki ko dashen ɓargo ya daina ciwo zai ba kowane ɗa da ya haifa S guda ɗaya. Idan abokin zamansa AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar rabi da rabi na zuwa da SS, kamar dai ba a yi aikin ba.